Maƙalar farko: daga kundin digiri zuwa mujallar ilimi

Tambaya, daga wata ɗalibar digiri na uku a Marwa: Malam, barka da aiki. Bincikena a kan ajiyar albasa ne, na gwada hanyoyi uku na ajiya, na auna asarar da ake yi a kowace. An ce ba zan kare kundina ba sai na buga maƙala a mujallar ilimi, kuma wata shida ya rage mini. Wata mujalla ta aiko mini da imel cewa za ta buga cikin kwana goma in na biya dalar Amurka 150. In biya? In ba haka ba, ta ina ake farawa? Da Faransanci na rubuta kundin.

Amsa: Barka kadai, ƙanwata, Allah ya sa albarka a karatun. Kada ki biya, kada ma ki ba su amsa. Da kin amsa sau ɗaya sun gane adireshin yana aiki, daga nan imel ɗinsu ba zai yanke ba.

Kwana goman nan su suka tona musu asiri. A mujallar gaskiya, in rubutu ya iso, edita ne ke fara karantawa ya ga ko ya shiga fagensu. In ya shiga, sai ya nemi masana biyu ko uku na wannan fanni su tantance shi. Masanan nan yawanci ba biyansu ake yi ba, malamai ne irinmu masu aji da ɗalibai da jarrabawa, shi ya sa edita kan roƙi mutane da dama kafin ya sami biyun da za su ce to. Akan ba su mako uku ko huɗu, kuma da yawa sai an yi ta yi musu tuni. Bayan nan gyara ya dawo wa marubuci, ya gyara ya mayar, wani lokaci a sake kai wa masanan su duba. Na daɗe ina koyar da ilimin noma, ina kuma yi wa mujallu wannan aiki na tantancewa, babu yadda za a yi duk wannan ya shiga cikin kwana goma. Wanda ya yanka miki ranar bugu tun bai ga rubutunki ba, ya riga ya gaya miki babu mai karantawa.

An taɓa gwada su a fili. A 2013 wani ɗan jarida mai ilimin kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan wani sinadari wai yana kashe ƙwayoyin cutar daji. Ya cusa mata kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gano da kallo ɗaya, ya laƙa mata sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka waɗanda babu su a duniya, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗin bugu. Guda 157 suka karɓa, 98 ne kawai suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga labarin.

Asarar kuma ba ta tsaya a kuɗin ba. Maƙala sau ɗaya ake buga ta. In suka ɗora taki a shafinsu, mujallar kirki ba za ta sake karɓa ba, neman su janye ta kuwa yakan zama wani sabon ciniki, su ce sai kin biya kuɗin janyewa. Gobe in kin shiga koyarwa, takardunki za su je gaban kwamitin ƙarin girma, CCIU a nan Kamaru, ko CAMES mai mazauni a Wagadugu ga 'yan'uwanmu na Cadi, can kuma ana duba inda aka buga kamar yadda ake duba abin da aka buga.

To ta ina ake farawa? Mujalla ake fara zaɓa, sannan a rubuta maƙala. Yawancin ɗalibai akasin haka suke yi: su gama rubutu, sannan su fita neman mai karɓa, su tarar wannan na son kalma dubu biyar alhali nasu dubu tara ne, waccan ba ta buga binciken gona sai na ɗakin gwaje-gwaje. Ki buɗe manazartar kundinki, ki dubi ayyukan da kika dogara da su na shekarun baya-bayan nan, ki ga sunayen mujallun da ke ta maimaituwa. Can ne ake hirar da kike so ki shiga. Ki fitar da uku, ki jera su ta ɗaya, ta biyu, ta uku, domin in ta farko ta ƙi, kada ki tsaya tunanin inda za ki nufa. A kowace ki karanta abin da ta ce tana bugawa, sannan ki karanta maƙala uku ko huɗu daga fitowarta ta bana, ki tambayi kanki tsakani da Allah: girman aikina ya kai na waɗannan? In ya kai, madalla. In kuwa nasu gwajin shekara biyar ne a ƙasashe huɗu, naki na kaka biyu a gefen Mayo Tsanaga, ki sauko mataki ɗaya, ba abin kunya ba ne.

Sai tantance ita mujallar. Kada ki yarda da abin da ta faɗa game da kanta. In ta ce tana cikin Scopus, babban jerin mujallun da aka tantance, ki je jerin Scopus ɗin da kanki, kyauta ake duba shi, ki tabbata har bana tana ciki, don sukan cire mujallar da ta lalace, ita kuwa ta ci gaba da liƙa tambarin. Haka jerin kamfanin Clarivate, wanda shi kaɗai ke fitar da lambar nan ta auna tasirin mujalla. Duk wata lambar tasiri mai baƙon suna da kika gani a goshin mujalla, saye aka yi. Akwai DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta, da aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, wadda ta tsaurara sharuɗɗanta bayan abin kunyar 2013, har ta cire mujallu sama da 3,000 a 2016. Akwai AJOL, tun 1998, inda ɗaruruwan mujallun Afirka suke, sai dai ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Lambar ISSN kuwa shaida ce kawai ta cewa an yi wa mujalla rajista, ba ta ce komai a kan ingancinta ba. Ki kuma kiyayi masu satar suna: sukan ɗauki sunan tsohuwar mujalla mai mutunci da lambarta, su buɗe shafi mai kama da nata. Maganinsu shi ne ki shiga shafin mujalla ta mahaɗin da ke cikin jerin, ba ta wanda ya zo miki a imel ba.

Batun harshe na san yana damun ki, yana damun kusan kowa daga Ngaundere zuwa Njamena. Akwai mujallu masu ƙima da ke buga Faransanci. Cahiers Agricultures na buga Faransanci da Ingilishi. Masu binciken dabbobi na da Revue d'élevage et de médecine vétérinaire des pays tropicaux, wadda ke fitowa tun 1947, ba ta kuma karɓar kuɗin marubuci. Masu aikin lafiya na da Pan African Medical Journal, ita ma harshe biyu. A ganina, mai wata shida a hannu da kundi na Faransanci, gara ta fitar da maƙala mai kyau da Faransanci a mujallar da ke cikin jerin da aka yarda da shi, da ta fitar da gurguwar Ingilishi da edita zai mayar tun a shafi na biyu. Amma ki sani masu fama da ruɓewar albasa ba a Koza da Meskine da Galmi kawai suke ba, suna Aliero, suna Habasha, suna Indiya, kuma masu bincikensu Ingilishi suke karantawa. Saboda haka tsakurenki na Ingilishi, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙala, ki ba shi haƙƙinsa, maƙala ta biyu kuma ki yi niyyar yin ta da Ingilishi. Mu a Kamaru muna da gata a nan, da wuya ki rasa abokin karatu ɗan Bamenda ko Buea, yankin masu Ingilishi, da zai bi miki rubutun layi-layi. Wani ƙaramin abu da ke kayar da mu: Faransanci na rubuta 3,5 da waƙafi, Ingilishi na rubuta 3.5 da ɗigo. Ki bi kowane jadawali da kowane zane, don fassarar na'ura ba ta shiga cikin hoto ta gyara miki.

Yanzu aikin kansa. Maƙala ba kundi ba ce da aka matse. Kundi an rubuta shi ne don a nuna wa kwamitin jarrabawa kin yi karatu. Maƙala kuwa magana ɗaya take faɗa wa baƙon da bai san ki ba, bai san Marwa ba, bai kuma da lokaci. Kafin ki rubuta komai, ki faɗi sakamakonki a jimla ɗaya, kamar a ce: hanya kaza ta rage ruɓewa da kashi kaza cikin ɗari a wata huɗu, idan aka gwada da yadda manoma suka saba. In jimlar ta ƙi fitowa, ba ki shirya ba tukuna. In jimla biyu suka fito masu zaman kansu, ɗaya a kan ruɓewa, ɗaya a kan riba da farashi, wataƙila maƙala biyu gare ki. Sai dai kada ki yanka aiki ɗaya ƙanana-ƙanana don yawan lissafi, editoci sun san wannan dabara.

Ki fara da jadawaloli da zane-zane, huɗu ko biyar sun isa, kowanne ya tsaya da ƙafarsa: take, ma'auni, adadin samfur, da abin da kowane harafi ke nufi. Daga nan ki rubuta hanyoyin bincike, sai sakamako, sai tattaunawa. Gabatarwa da tsakure su ne na ƙarshe, ko da yake su ne a gaba.

A hanyoyin bincike nake so in daɗe, don nan ne mai tantancewa ke yanke hukunci a zuciyarsa. Ƙa'idar ita ce wani a wata ƙasa ya iya maimaita abin da kika yi ba tare da ya kira ki ba. Wace irin albasa ce, Goudami ce ko Violet de Galmi? Yaushe aka cire ta, an daina ban ruwa kwana nawa kafin cirewa, an yanke lawashi nan take ko an bar wuyan ya bushe, an shanya ta kwana nawa, a rana ko a inuwa? Duk waɗannan na canza yawan ruɓewa, wani lokaci fiye da ɗakin ajiyar kansa. Zafi da danshin cikin ɗakin, da wace na'ura kika auna, sau nawa a rana? Mai karatu a Turai bai san zafin Marwa na wuce digiri 40 a Maris da Afrilu ba, bai san danshi na hawa in damina ta kama ba, sai kin gaya masa. Buhu ba ma'auni ba ne, ki rubuta kilo. In kin kawo farashi da sefa, ki sa kwatankwacinsa, Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne. Ki kuma raba asarar gida uku, ruɓewa daban, tsiro daban, raguwar nauyi daban, don dalilansu ba ɗaya ba ne.

Ga tambayar da za a yi miki ko ba jima ko ba daɗe: ɗakunan ajiya nawa kika yi wa kowace hanya? In rumfa ɗaya ce, ɗakin ƙasa ɗaya, rami ɗaya, kika zuba buhu goma a kowanne, to ba maimaici goma kika yi ba, ɗaya ne, buhunan duk suna shan iskar ɗaki guda. Bambancin da kika gani zai iya zama na ɗakin ne, ko na bishiyar da ke masa inuwa, ba na hanyar ba. Wannan shi ne aibin da na fi gani a binciken ajiya da na kiwo. In haka naki yake, kada ki ɓoye. Ki zauna da masanin ƙididdiga tun yanzu, ki ga abin da bayananki za su iya ɗauka, ki faɗi iyakar aikin da bakinki a cikin tattaunawa, ki rage ƙarfin da'awarki daidai da haka. Mai tantancewa kan yafe iyakar da marubuci ya faɗa, ba ya yafe wadda shi ya tono.

In kin yi hira da manoma ko 'yan kasuwa, ki faɗi yadda kika zaɓe su, da wane harshe aka yi, Fulatanci ko Hausa ko Faransanci, wa ya fassara, da yadda suka ba da yardarsu. Mujallu da yawa yanzu na neman lambar takardar izini daga kwamitin ɗa'ar bincike, a fannin lafiya kuwa babu ma maganar bugu sai da ita, kuma kafin a fara aiki ake karɓar ta, ba bayan an gama ba.

Sakamako: abin da kika samu kawai, ba sharhi, kuma kada ki sake karanto lambobin da ke cikin jadawali ɗaya bayan ɗaya. Tattaunawa kuwa nan ne namu suka fi rauni. Sai ka ga shafi biyu na "wannan ya yi daidai da abin da wane ya samu, ya saɓa wa abin da wance ta samu", babu ko kalma ɗaya a kan me ya sa. In naki ya saɓa wa na Nijar, ki ce wani abu: irin ne ya bambanta, ko lokacin cirewa, ko tsawon ajiyar? Ki fara tattaunawar da babban abin da kika gano, ki bayyana dalilinsa, ki gwada da na wasu, ki faɗi iyakarsa, ki ce ga amfaninsa ga wanda ke son riƙe albasarsa har farashi ya tashi.

Gabatarwa sakin layi uku ko huɗu ne: ga matsala, ga abin da aka sani, ga giɓin da ya rage, ga abin da na yi don cike shi. Babin nan naki na bitar ayyukan da suka gabata, mai shafi arba'in, ba zai shiga ba, ki haƙura da shi. Kuma "ba a taɓa yin wannan bincike a yankinmu ba" ba ya isa zama giɓi, sai kin nuna abin da ya sa yankin namu zai iya ba da wata amsa daban. Take ya faɗi abin da aka yi da inda aka yi, ki cire "Gudummawa ga nazarin" da muka gada. Tsakure ya ƙunshi lambobi na gaske, don mutane da yawa iyakar abin da za su karanta ke nan, edita ma da shi yake fara auna ki. In kuma maƙalun da kike bukata na bayan katangar kuɗi, ki tambayi mai kula da laburarenku ko an yi rajista da Research4Life, shirin da ke buɗe wa cibiyoyi irin waɗannan maƙalu. Sashenta na noma, AGORA, na hukumar FAO ne tun 2003, kuma don cibiyoyin ƙasashe irin namu aka yi shi.

Sunayen marubuta magana ce mai nauyi, kuma gara a yi ta tun rubutu bai yi nisa ba. Ƙa'idar da mujallu da yawa ke bi ita ce ta kwamitin editocin mujallun likitanci, ICMJE, mai sharaɗi huɗu: mutum ya sa hannu sosai a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutu ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Aikin kundinki ne, sunanki ne a farko, jagoran bincikenki galibi a ƙarshe. Wanda ya ara miki sikeli, da shugaban da ya sa hannu a takardar izini, da ƙawar da ta ce ki sa ta ita ma za ta sa ki, wurinsu sashen godiya ne, ko babu. Na san a wurinmu ɗaliba ba ta iya duban babba ta ce masa a'a. Abin da ke taimakawa shi ne mujallu da yawa na neman a rubuta abin da kowane marubuci ya yi, sai ki kai wa jagoranki takardar ki ce, Malam, ga abin da suke nema, yaya za mu cike? Ki bar takardar ta yi maganar. Su ma masu son a sa su, su tuna wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski: ranar da aka sami matsala a maƙalar, duk sunan da ke kai za a kira. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya. Kada kuma ki sa sunan kowa bai sani ba, don mujalla kan aika wa kowane marubuci imel.

Satar fasaha ba sai na ja zance ba. Mujallu na bi da rubutu ta manhajar gano kwafe irin iThenticate, jami'o'i masu Faransanci da yawa na amfani da Compilatio. Fassara sakin layin wani daga Ingilishi zuwa Faransanci ba tare da madogara ba sata ce, ko manhaja ba ta kama ba. Ɗauko daga kundinki ba laifi ba ne a wurin yawancin mujallu, amma ki faɗa musu. In kin yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen gyaran harshe, ki duba ƙa'idar mujallar, ki bayyana in sun nema, ba a kuma sa ta a jerin marubuta. Kada ki taɓa karɓar manazarta daga gare ta ba ki buɗe kin gani da idonki ba, takan ƙirƙiro maƙalar da babu ita, da suna da shekara da lambar shafi.

Ranar aikawa, ki buga ƙa'idojin marubuta na mujallar a takarda, ki bi su da biro: yawan kalmomi, lambar layi, salon manazarta, girman hotuna. Zotero kyauta ce, tana sauya salon manazarta cikin minti ɗaya. Ki buɗe ORCID, ita ma kyauta, lamba ce mai gurbi 16 da ke bin ki duk rayuwa. Ga mu da ake rubuta suna ɗaya Aïssatou a wannan takarda, Aishatu a waccan, ga mai canza suna bayan aure, ba ƙaramin amfani gare ta ba. Ki zaɓi rubutun suna ɗaya ki tsaya a kai. In mujallar na ɓoye sunan marubuci ga masu tantancewa, ki cire shi har daga bayanan cikin fayil. Duk abin da za a tambaye ki, ki tara shi a fayil guda tukuna, saboda in wuta ko intanet ta yanke ana tsakiyar cikewa, ki manna kawai. Wasiƙar rakiya rabin shafi ce: ga take, ga abin da muka gano, ga dalilin da ya dace da masu karatunku, ba a buga shi ko'ina ba, ba ya gaban wata mujalla, duk marubuta sun amince. Wannan jimla ta "ba ya gaban wata mujalla" alkawari ce. Aika wa biyu lokaci guda don a rage jira haramun ne a wannan sana'a, kuma a fanni ƙarami kamar naki, ba abin mamaki ba ne duka biyun su faɗa hannun mai tantancewa ɗaya.

Kuɗi kuma, ba duk mai karɓa ce ta bogi ba. Manyan mujallun da ke barin kowa ya karanta kyauta, marubuci suke caja. Mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021 ga mai son a karanta maƙalarsa kyauta, sama da sefa miliyan shida. Amma akwai masu yawa da ba sa karɓar ko sisi, DOAJ na ba ki damar tace su, manyan kamfanonin bugu kuma na yafe wa marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi duka ko wani kaso. Lokacin aikawa ake neman yafiyar, ba bayan an karɓa ba.

Daga nan sai jira. In edita ya mayar cikin mako ɗaya ko biyu bai kai wa kowa ba, yawanci fagen ne bai dace ba, ko harshen ya gaza. Ki gyara abin da ya ambata, ki wuce ta biyu a jerinki cikin makon. In wata uku ya wuce shiru, layi uku na ladabi ga edita, da lambar rubutun, ba laifi. In kuwa amsa ta zo da "gyara babba" da shafi huɗu na suka, wannan albishir ne, ko da yake ranar ba zai yi kama da albishir ba. An buɗe miki ƙofa ke nan. Ki karanta, ki ajiye kwana biyu, zuciya ta sauka. Sannan ki kwafe kowace magana ta mai tantancewa, ki sa mata lamba, a ƙarƙashinta ki rubuta abin da kika yi da shafi da layin da yake. Kada ki tsallake ko ɗaya, wadda aka tsallake ita ake fara nema. Inda yake da gaskiya, ki gode ki gyara. Inda bai fahimce ki ba, laifin jimlar ne, ki sake ta. Inda kuma ya yi kuskure, kina da ikon ƙin bi, da hujja da madogara, ba da zafi ba. Misali in ya ce me ya sa ba a gwada ɗakin sanyi ba, ki bayyana masa cewa binciken na kan abin da manomi zai iya yi ba tare da lantarki ba, ki kuma ƙara jimla ɗaya a gabatarwa don kada wani ya sake tambaya. In masu tantancewa biyu suka saɓa wa juna, ki zaɓi ɗaya ki gaya wa edita dalili. In wani ya jero maƙalunsa biyar marasa alaƙa ya ce a ambata, ki sa wadda ta dace, ki sanar da edita sauran.

Wata shidan naki, gaskiya, ƙanƙanin lokaci ne. In kin ba rubutu mako shida, jagoranki ya riƙe mako biyu, saura wata huɗu ga mujalla, zai iya isa, zai iya ƙi. Mujallu da yawa na rubuta ranar da maƙala ta iso da ranar da aka karɓe ta a shafinta na farko; ki duba goma daga kowace cikin ukun nan, za ki ga saurinsu na gaskiya. Ki kuma je ofishin karatun digiri na uku tun wannan makon, ki nemi ƙa'idar a rubuce: fitowar maƙala suke nema, ko takardar karɓa daga edita ta isa, kuma wane jerin mujallu suka yarda da shi? Tsakanin karɓa da fitowa akan yi watanni, don haka amsar na iya canza miki lissafi gaba ɗaya. In ya ƙi, neman ƙarin wata uku ko shida da sa hannun jagoranki abu ne da aka saba yi.

Bayan an karɓa za a aiko miki da kwafin ƙarshe kafin bugu, galibi da wa'adin kwana biyu ko uku. Ba lokacin sake rubutu ba ne. Ki duba sunayen marubuta da na cibiyoyi harafi-harafi, ki gwada kowace lamba a jadawali da ainihin bayananki, ki tabbata Allium cepa, sunan albasa na kimiyya, na a karkace, zanen da ke da launi kuma ana gane shi in an buga da baƙi da fari. In ta fito, ki ɗora lambar DOI ɗinta, wato lambar dindindin da ake gane maƙala da ita a intanet, a ORCID, ki adana imel ɗin karɓa da rahoton masu tantancewa da wasiƙar amsarki a wuri biyu, don kwamiti na iya neman shaidar cewa an tantance ta.